Bayan mamakon ruwan Afrilu, me ƙarshen bazara zai kawo?

Tambaya: Tun farkon Afrilu ake tafka ruwa a yankinmu, cikin mako uku an zuba abin da aka saba samu a wata biyu. Gonaki sun yi caɓi, kogi ya cika taf, sai dai bai kai ga ambaliya ba. Ga Mayu ya kama. Haka za a ci gaba har Yuni, ko ruwan ya ƙare ke nan mu shirya wa zafi? Na duba taswirar hasashen wata uku ta hukumar kula da yanayi, na tarar an bar yankinmu fari fat babu launi. Me hakan ke nufi?

Amsa: Malam, tambaya uku ka dunƙule wuri guda, kuma sauƙin amsa su ba ɗaya ba ne. Akwai ta ko sama za ta ƙara zubo ruwa, akwai ta zafi, akwai ta ƙasa da kogi. Ruwan da ya riga ya sauka ya faɗi abubuwa da yawa game da ta ukun, ya ɗan taɓa ta biyun, amma ta farkon, wadda kowa ya fi ƙagara ya ji, kusan bai ce mata komai ba.

A ƙasashen da ke da yanayi huɗu a shekara, waɗanda a kansu nake magana a nan, inda bazara ke nufin Maris zuwa Mayu, tsakanin hunturu da watannin zafi, ruwan Afrilu da Mayu kawo shi ake yi daga nesa. Akwai wata iska mai tsananin gudu da ke kewaya duniya daga yamma zuwa gabas, a can sama tsayin kilomita 9 zuwa 12, ita ke jan ragamar hadari. In ta lanƙwasa ta zauna a kan wani yanki, sai hadari ya yi ta bin sawun hadari ta hanya guda har mako biyu ko uku. Ranar da ta gusa arewa ko kudu da 'yan ɗaruruwan kilomita, sai gari ya washe kamar ba a taɓa ruwa ba. Abin da ke gusar da ita kuwa yana iya zama tarin hadarin da ke tashi a kan tekun Fasifik, ko wata iska mai nauyi da ta kafe a kan tsibirin Girinlan da ke can arewacin duniya. Laimar gonarka ba ta cikin lissafin.

Birtaniya ta ga fuska biyun nan cikin shekara shida. Ranar 5 ga Afrilun 2012 kamfanonin ruwa a kudanci da gabashin Ingila suka hana ban ruwan lambu da tiyo, saboda hunturu biyu a jere ruwa ya yi ƙaranci. Watan bai ƙare ba sai da ya zama Afrilu mafi ruwa a lissafin ƙasar, kuma ruwan ya zarce har cikin watannin zafi. A 2018 ma Maris da Afrilu sun zo da sanyi da jiƙa, manoma suka makara wajen shiga gona. Daga Mayu sai ruwa ya ɗauke ƙaf, kafin Yuli ciyawa ta ƙone tun daga Ingila har Siwidin, inda dazuzzuka suka yi ta kamawa da wuta. Afrilu biyu masu ruwa, abin da ya biyo bayansu kuwa hannun riga. Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma masanin yanayi ba zai musa ba, don tsakaninsu kwana biyu ne kacal. Tsakanin Afrilu da Yuni kuwa sama ta sake shiri sau da yawa.

Wannan iyaka daga ɗabi'ar iska take, ba daga rashin kayan aiki ba. Edward Lorenz na jami'ar MIT a Amurka ya nuna tun 1963 cewa ɗan kuskure ƙanƙani a awon yau yakan yi ta ninkuwa har ya cinye hasashen baki ɗaya, daga baya aka ƙiyasta cewa ba a iya faɗin yanayin takamaimiyar rana fiye da kimanin mako biyu gaba. Shi ya sa cibiyar hasashe ta Turai, ECMWF, ba sau ɗaya take lissafi ba. Sau 51 kwamfutocinta ke yi, kowanne an ɗan sauya masa mafari, sai a duba inda suka haɗu da inda suka rabu. A kwana uku na farko yawanci bakinsu ɗaya ne. Zuwa kwana na goma sun fara watsewa. Duk wanda ya ce maka ranar kaza ga Yuni za a yi ruwa tun yanzu, ko manhajar waya ce, matsakaicin shekarun baya ya ƙawata maka.

Za ka ce, ai ƙasar da ta jiƙe tana fitar da tururi, tururi kuma shi ne gajimare. Haka ne, amma iska ba ta tsaya a kan gonar da ta ba ta tururin. Kevin Trenberth ya lissafa a 1999 cewa a fili mai faɗin kilomita 500, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ruwan da ke sauka ne ya tashi daga cikin filin, sauran baƙo ne. Akwai ma abin mamaki: wani nazari da Christopher Taylor ya jagoranta a 2012, da hotunan tauraron ɗan'adam na nahiyoyi shida, ya gano cewa hadarin la'asar ya fi son tashi a kan busasshen fili da ke maƙwabtaka da jiƙaƙƙe, domin busasshen ne ke ɗaukar zafi ya cilla iska sama. Inda laimar ƙasa ke da ta cewa sosai shi ne tsakiyar manyan nahiyoyi nesa da teku, irin filayen tsakiyar Amurka, musamman daga ƙarshen Mayu in ruwan tsawa ya karɓi ragama. In yankinku irin wannan ne, ka ɗan karkata tsammaninka ga ƙarin ruwa, kaɗan. In kuna kusa da teku, ka manta da zancen.

Batun zafi ya fi wannan tabbas, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi sai ta sha zafi kusan megajul 2.5 (megajul ma'aunin yawan zafi ne). Gona mai laima da ganye a watan Mayu tana iya fitar da lita huɗu a rana daga kowace murabba'in mita, wato megajul 10 ke nan, alhali abin da rana mai haske ke zubowa gaba ɗaya bai wuce 25 zuwa 30 ba, wani ɓangare ma komawa sama yake yi. Wannan zafin da ya tafi wajen busar da ƙasa, da shi ne zai dumama iska. Saboda haka bayan ruwa mai yawa tsakar rana ba ta cika yin tsanani ba. Akasin haka aka gani a Turai a 2003: bazara ta zo a bushe, ƙasa ba ta da abin da za ta fitar, da zafin Agusta ya zo sai ya tarar babu mai tare shi, kuma binciken da aka yi daga baya ya nuna bushewar ƙasar ta ƙara masa ƙarfi.

Kada dai ka ɗauka daɗi za a ji. Ma'auni zai nuna ƙasa da yadda jiki ke ji, don iska mai danshi ba ta barin zufa ta bushe. Dare zai fi ɗumi, raɓa za ta yi nauyi, hazo zai riƙa kwanciya a kwari da asuba. Ɗan amfanin da ke ciki shi ne ƙasa mai laima tana riƙe zafin rana ta sake shi da dare, don haka sanyin asuba mai ƙona furen itatuwa yakan ragu, sai fa in iskar arewa mai ƙanƙara ce ta sauko da kanta.

Wannan rangwamen kuma yana da wa'adi. Ƙasa mai laka-laka tana riƙe wa saiwa kimanin milimita 150 a zurfin mita guda, jigawa ba ta kai haka ba. In ana kwashe milimita 3 zuwa 5 kullum babu ƙari, cikin mako huɗu zuwa shida ajiyar ta yi ƙasa sosai. Ciyawar da ruwan ya tayar ma tana taya rana zuƙa. Kalifoniya ta sha ruwa na fitar hankali a hunturun 2016 zuwa 2017, ciyawa ta yi tsayi, ta bushe a watannin zafi, a Oktoba ta zama abincin gobara. Ruwan Afrilu yana kare Mayu da farkon Yuni. Bai yi maka alkawarin Yuli ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, wato ƙasa da kogi. Ka ce kogi ya cika bai yi ambaliya ba, ka faɗe shi kamar an tsallake. A wurina wannan jimlar ce ta fi komai nauyi a tambayarka.

Milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kowace murabba'in mita. Ruwan milimita 50 a kan hekta guda lita 500,000 ke nan. In ya sauka a ƙasa mai ƙishi, mafi yawansa shigewa yake yi, rafi ya ɗan yi ja ya koma. In ya sauka a ƙasar da ta sha ta ƙoshi, kamar ka zuba ruwa a kan soson da ya riga ya jiƙe sharkaf ne, kusan duk abin da ka zuba gangarewa zai yi. Ruwan ɗaya ne, abin da ya isa kogi kuwa yana iya ninkawa sau da yawa. Ma'ana, ko da Mayu ya zo da ruwansa na kullum ba ƙari, haɗarin ambaliya a wurinku ya fi na kullum. Ba sai an yi ruwan da ba a taɓa gani ba.

Manyan ambaliyoyin ƙarshen bazara kusan duk haka labarinsu yake, bugu biyu ne. A yankin Emilia-Romagna na Italiya an yi ruwa mai ƙarfi a kwanakin farko na Mayun 2023, bayan dogon fari. Mako biyu bayan nan, ranakun 16 da 17 ga wata, wani ya sake sauka a wuri guda. Na biyun ma babba ne, amma ƙasar da ya tarar ba ta da sauran wurin ajiya: koguna 23 suka ɓalle, tuddai suka zaftare a ɗaruruwan wurare, aka rasa rayuka, har tseren motocin Formula 1 na Imola sai da aka soke. Shekara goma kafin nan, Mayun 2013 ya kasance cikin mafi ruwa da Jamus ta auna, sannan aka ƙara kwana huɗu ana zubawa daga 30 ga wata. Ranar 3 ga Yuni kogin Danube ya kai mita 12.89 a garin Passau, tsayin da ba a gani ba tun 1501. Ambaliyar kogin Misisipi na Amurka ta 1993 kuwa tun kakar 1992 aka fara tara mata ruwa a ƙasa, aka bi da dusar ƙanƙara, aka bi da bazara mai jiƙa, kafin ruwan Yuni da Yuli ya zo ya ƙarasa. A birnin St. Louis kogin bai kai ƙololuwa ba sai 1 ga Agusta, sama da mita 15.

Kowane ruwa da saurinsa. Ƙorama da magudanar cikin gari sa'o'i kaɗan suke buƙata su cika, sa'o'i kaɗan su sauka. Babban kogi yana iya ci gaba da hauhawa kwana biyar bayan an ɗauke ruwa, rana na haskawa, domin na can sama bai iso ba tukuna. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya fi kowa nawa, makonni ko watanni yake ɗauka, shi ya sa za ka ga ɗakin ƙarƙashin gida ya fara tsattsafowa bayan kowa ya manta da ruwan. Gangaren tudu ma haka. Zaftarewar da ta kashe mutum 43 a garin Oso na jihar Washington ta Amurka ranar 22 ga Maris 2014 ta faru ne bayan makonni ana ruwa, ba a tsakiyar wani gagarumin hadari ba. In kuna gindin tudu, ka lura da sabuwar tsaga a ƙasa, da itace ko turken waya da ya fara karkata, da ruwa mai laka da ke ɓulɓulowa inda ba a saba gani ba.

Abu biyu za su iya ƙara wa lamarin nauyi, kuma ba ka ambace su ba. In akwai duwatsu masu dusar ƙanƙara a saman koginku, ruwa mai ɗumi a kan dusar da ta fara narkewa shi ne mafi muni, shi ya yanke hanyoyi da gadoji a gandun daji na Yellowstone da ke Amurka a Yunin 2022 har aka rufe duk ƙofofinsa. In kuma akwai madatsar ruwa a sama da ku, ka nemi sanin yadda ta cika. Dam ɗin da ke da sarari yana shanye ambaliya, wanda ya cika kuwa dole masu kula da shi su saki abin da ya shigo.

Sai taswirarka mai farin fili. Yawancin hukumomi, ciki har da cibiyar hasashe ta NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, sukan ɗauki shekara 30, a yanzu 1991 zuwa 2020, su jera su daga mafi bushewa zuwa mafi ruwa, su raba uku: goma na ƙasa, goma na tsakiya, goma na sama. In ba a san komai ba, kowane rukuni yana da kashi 33 cikin 100. Farin fili yana nufin nan aka tsaya, babu wata alama da ta isa ta rinjayar da ma'auni. Ba ya nufin ruwa zai zo daidai wa daida, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da 'yan jarida. Ko da an shafa muku koren launi mai lamba 40, abin da aka ce shi ne kashi 40 ruwa ya yi yawa, 33 matsakaici, 27 ya yi kaɗan. Wato sau shida cikin goma ba za a faɗa rukunin ruwa mai yawa ba. Taswirar kuma ba ta faɗin ko ruwan wata ukun zai zo da yayyafi a hankali ko a dare biyu, alhali ga mai zama bakin kogi bambancin ke nan.

Ni ina ganin girman hukumar da ta bar fili fari a wannan lokaci na shekara. Babban abin da hasashen watanni ke dogaro da shi shi ne zafin tekun Fasifik, wato El Nino (in ruwansa ya fi na kullum ɗumi) da La Nina (in ya fi na kullum sanyi), kuma daga Maris zuwa Mayu ne hasashensu ya fi rauni, tsoho na gushewa sabo bai bayyana ba. Abin da ya rage na taimako shi ne wani tarin hadari da ke zagaya yankunan zafi na duniya duk kwana 30 zuwa 60, wanda Roland Madden da Paul Julian suka gano a 1971. Yana ɗan haska mako na uku da na huɗu, shi ma ba kullum yake da ƙarfi ba. Taswirar zafi kuwa za ka ga sau da yawa ta karkata ga ɗumi, domin shekarun baya-bayan nan sun fi matsakaicin da ake gwada su da shi. Wannan ya shafi ruwa ta wata fuska: duk ƙarin digiri ɗaya, iska na iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100, don haka in hadari ya samu dama zubawarsa ta fi ta da.

In ka matsa mini in ba ka hasashe, ga shi. Yawan ruwan Mayu da Yuni, ka ɗauke shi kamar na kowace shekara, yana iya yawa yana iya kaɗan. Rana za ta fi sauƙi da ɗan dama, dare da danshi za su fi nauyi, na tsawon wata guda ko fiye kaɗan. Haɗarin ambaliya yana sama, kuma zai zauna a sama har sai an samu mako biyu zuwa uku na rana da iska. Abin da za ka sa wa ido a hasashen kwana biyar zuwa bakwai shi ne hadari mai nawa, wanda ya rabu da waccan iska ta sama ya tsaya yana juyi wuri guda. Irinsa ne ya yi ɓarnar Italiya. Hadarin da ya zo da ƙarfi ya wuce cikin sa'a guda bai kai shi haɗari ga babban kogi ba, ko da ya fi shi tsawa.

Tunda ka ambaci gona, kada ganin rana kwana biyu ya sa ka shigar da tarakta. Saman ƙasa yakan bushe ya yi fari alhali ƙarƙashi tabo ne. Ka tona kamar tsawon yatsa biyu, ka debo ƙasa ka dunƙule a tafin hannu. In ka latsa da babban yatsa ta wargaje, ta yi. In ta miƙe tana sheƙi ta manne maka, ka koma gida. Ƙasar da taya ta danne tana jiƙe tana iya shekaru ba ta saki ba, kuma asarar ta fi ta jinkirin mako guda. Manoman Amurka sun ga iyakar wannan a 2019, lokacin da fiye da eka miliyan 19 suka tashi ba a shuka ba saboda jiƙa. Abin da aka riga aka shuka kuma yana da nasa matsalolin: ƙaramar masara ba ta jure fiye da kwana biyu zuwa huɗu a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya wanke wani ɓangare na takin da ka zuba, saiwa kuma ba ta nutsa ba tunda ta samu ruwa a sama, don haka ɗan fari a Yuli zai fi yi mata illa fiye da shekarar da ta fara da bushewa. Cututtukan ganye suna son ɗumi da raɓa. Sauro kuwa mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya ƙyanƙyashe a ruwan da ya kwanta.

Hanyar da ruwa ya rufe, kada ka gwada ta ko ka san ta kamar tafin hannunka. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, kuma ba ka ganin ko kwalbatin na nan ko ya tafi.

In kana son sanin lokacin da haɗarin ya fara sauka, akwai awo biyu da za ka iya yi da kanka. Ka haƙa rami mai zurfin rabin mita a wuri mafi kwari a filinka, ka rufe shi da katako, ka riƙa dubawa da safe. Muddin ruwa na taruwa a cikinsa ba tare da an yi ruwan sama ba, ƙasar ba ta da wurin karɓar wani. Sannan ka samu alama a jikin ƙafar gada, ko ma'aunin hukuma in akwai, ka riƙa rubuta tsayin kogi kafin kowane ruwa, ba bayansa kaɗai ba. In kowane sabon ruwa yana tarar da kogin sama da inda na baya ya tarar da shi, ka kwashe taki da iri da dabbobi daga fadama tun hanya na bi.